Alƙali Munziru da Wuƙar Mutanen Dutse

Ku gyara zama, ku bar hirar kasuwa haka nan. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshensa aikin ya koma wuyanku. Na ji shi ne a bakin wani dattijo mutumin Sham, mai sayar da sabulun zaitun, shekarar da na yi zaman Madina bayan aikin hajji. Shi ma ya ce a wurin kakarsa ya ji. Ko haka ya faru, ko baki ya ƙara masa gishiri a hanya, Allah ne masani.

A zamanin da, can ƙasar Sham, akwai wasu jama'a da ake kira Mutanen Dutse. Reshe ne na Isma'iliyya, aƙidarsu ta saɓa da ta sarakunan lokacin da malamansu, don haka ba su da sakewa a birane. Ba su da yawa, ba su da rundunar da za ta tsaya a fili ta kara da ta sarki. Sai suka haye duwatsu masu wuyar hawa suka gina ganuwa, inda mutane kaɗan za su iya tare runduna guda. Makaminsu kuwa wuƙa. In wani sarki ko waziri ko malami ya matsa musu, ba mayaƙa suke turawa ba, mutum ɗaya ko biyu suke turawa. Ya shiga gari a matsayin bara, ko falke, ko mai ibada, ya zauna ana ci ana sha da shi. Ran da umarni ya zo sai ya zare wuƙa da rana tsaka, galibi ranar Juma'a a gaban jama'a, kuma in ya gama ba ya gudu. Irin wannan mutum suna ce masa fida'i, wato wanda ya ba da ransa.

Maƙiyansu sukan ce shugabansu, wanda ake kira Tsohon Dutse, yana shayar da samari wani ganye mai gusar da hankali, a ɗauke su a ajiye a wani lambu mai ƙoramu da 'ya'yan itace, su farka su zaci Aljanna ce, daga nan kome ya ce su yi sai su yi don su koma. Wai daga nan aka laƙaba musu Hashishiyya, wato masu shan ganyen nan. Amma dattijon nan ya ce kada in haɗiye wannan duka, don wanda ya ƙi ka ba ya ba da labarinka daidai. Abin da ba a musu shi ne sun kashe manya, har sarakuna suka riƙa sa sulke a ƙarƙashin riga. Su ma kuma an kashe nasu ba adadi, galibi talakawan da ba su taɓa riƙe wuƙa ba sai ta yankan albasa.

To, a gindin ɗaya daga cikin duwatsun nan, wanda ake ce wa Dutsen Mikiya, akwai wani gari mai suna Ainu Safra. Alƙalin garin sunansa Munziru. Mutum ne mai doguwar fuska, ba shi da yawan fara'a, amma ba a taɓa jin ya karkata hukunci don wani babba ba. Ba ya tare da Mutanen Dutse ko kaɗan. Ya sha hawa mumbari ya warware hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai dai kullum yakan rufe da cewa ɓata daban, jini daban, ba a zubar da jinin mutum don abin da ake zaton yana cikin zuciyarsa.

Ana nan aka kawo sabon amiri garin, mutum mai son a san da shi a fadar sarki. Ya ji cewa mazauna unguwar masaƙa a ɓoye suna bin aƙidar Mutanen Dutse. Ya kira alƙali ya nemi ya ba da fatawa cewa jininsu da dukiyarsu sun halatta. Alƙali ya ce a kawo masa mai laifi da shaidu, ya yi hukunci, amma ba zai yanke wa unguwa guda hukunci ba har da jariran goye. Amiri ya yi murmushi ya sallame shi. Washegari da hantsi mai shela ya zaga gari yana cewa bisa fatawar Alƙali Munziru an halatta unguwar masaƙa. Kafin azahar hayaƙi ya turnuƙe.

Gidan alƙali yana da lambun zaitun wanda bayansa ya jingina da unguwar. Da ya ji ihu, ya san ba zai iya tare taron ba, sai ya je da kansa ya buɗe ƙofar baya. Mata da yara da suka gudo ta lungu ya riƙa tura su cikin ɗakin da ake matsar mai, ya ja tuluna ya tare ƙofar. Mazan kuwa kusan babu wanda ya tsira. Babu wanda ya san abin da ya yi sai matarsa Umaima, da wani tsohon mai alfadarai, Hammadu, wanda tun zamanin mahaifin alƙali shi ke kai musu mai kasuwannin nesa. Lokacin tsinkar zaitun ne, Hammadu ya riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan cikin shigar masu tsinka, yaran a cikin mangala ƙarƙashin ganye, har ya tsallakar da su kogi zuwa wani ƙauye da babu mai tambayar asalin mutum. Alƙali ya rantsar da su duka, ya rantsar da Hammadu, cewa ba za su faɗa wa kowa ba, domin in amiri ya ji, zai bi su har can.

Saboda haka ne bai iya fita ya ƙaryata shelar ba, don ƙaryatawa za ta jawo bincike. Ya haɗiye, ya bar sunansa a kan abin da bai yi ba. Labari ya hau dutse cewa alƙali ne ya halatta jinin masaƙa. Tsohon Dutse ya yanke cewa Munziru zai mutu.

To, mutum uku ne suka shiga tsakanin alƙali da mutuwa. Na farkonsu shi ne Baharamu. Ya iso Ainu Safra bayan damina, mutum ne magidanci mai faɗin kafaɗa, ba shi da surutu, ya nemi aikin kula da dawaki a gidan alƙali aka ba shi. Fida'i ne. Ya bar mata da 'ya'ya a kan dutse, ya yi ban kwana da su irin na wanda ba zai dawo ba, wuƙarsa ɗinke cikin ɗamararsa, yana jiran ranar da za a ce ya yi. Ya zo da ƙiyayyar alƙali cike da cikinsa, don a cikin waɗanda suka mutu akwai mutanen da ya sani.

Zama ya yi zama. Wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, sauran barori suka ƙaurace wa ɗakinsa don tsoron kamuwa. Alƙali ne ya riƙa shigowa da kwanon romo, ya tallafo kansa ya ba shi, ya jiƙa tsumma ya ɗora masa a goshi. Baharamu ya ce a ransa mugu ma yakan tausaya wa dokinsa, wannan ba hujja ba ce. Amma ya lura duk ranar Alhamis bayan la'asar alƙali yakan fita shi kaɗai ba rakiya. Ran nan ya bi shi a baya, hannunsa a kan ɗamara, yana ganin ko ba umarni wannan dama ce. Alƙali ya wuce maƙabartar gari, ya nufi wani kwari inda aka tura gawarwakin masaƙa aka rufe, wurin da ko makiyaya ba sa bi. Ya tsaya ya cire takalmi, ya ɗaga hannu yana roƙa musu gafara, yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, gemunsa jiƙe da hawaye. Babu mai kallonsa balle a ce don a gani yake yi.

Baharamu ya koma gida bai zare wuƙar ba. Ya aika saƙo kan dutse ta bakin wani mai kawo gawayi cewa a dakata, akwai abin da bai gane ba game da mutumin nan. Amsar da ta zo ita ce wani fida'i na biyu, Rustamu, abokinsa tun suna yara, wanda suka yi rantsuwa rana ɗaya. Rustamu ya ce masa ranar Juma'a ce, a harabar masallaci, in hannun Baharamu ya yi nauyi shi Rustamu zai yi. Baharamu ya roƙe shi ya jinkirta. Rustamu ya dube shi ya ce, “Ɗan'uwa, gishirin gidansa ne ya shiga jininka. Mu ba a aiko mu mu yi shari'a ba.”

Ranar Juma'a aka idar da salla, alƙali ya fito yana gaisawa da mutane, Baharamu na bayansa riƙe da takalmansa. Rustamu ya matso cikin shigar mai neman fatawa, ya durƙusa kamar zai sumbaci hannu, ya miƙe da wuƙa ya nufi ƙahon zuci. Baharamu ya yar da takalma ya cafke kaifin da tafin hannunsa. Wuƙar ta tsarge masa yatsu, ta kauce, ta shiga kwiɓin alƙali maimakon ƙirjinsa. Jama'a suka yi ca a kan Rustamu. Baharamu ya faɗa a kansa yana kare shi da jikinsa, yana roƙon a bar shi da rai a kai shi gaban shari'a, amma aka janye shi, aka gama da abokinsa a gabansa. Gari ya ɗauke shi gwarzo, ana shafa kansa ana sa masa albarka. Shi kuwa ya san ya karya rantsuwarsa, ya rasa jama'arsa da hanyar komawa wurin 'ya'yansa, ga jinin amininsa a rigarsa. Hannun nan na dama bai ƙara damƙar kome ba har ya mutu.

Na biyu shi ne likita Sabitu. Duk garin babu wanda ya kai shi sanin ɗinkin rauni, amma shekaru ke nan ba ya ga maciji da alƙali. Dalili kuwa, sun taɓa shari'a da ƙanwarsa a kan gidan mahaifinsu, alƙali ya ba ta gaskiya, Sabitu ya fita daga ɗakin da aka haife shi. Tun daga nan in ya hango alƙali a hanya sai ya sauya lungu. Da aka ɗauko Munziru jina-jina, Umaima ba ta aiki kowa ba, ta ja mayafi ta je da ƙafarta ta tsaya a ƙofar likita. Ya fito ya gan ta, bai bari ta buɗe baki ba, ya koma ya ɗauko jakarsa.

Ya tarar wuƙar ta yi zurfi. Ya wanke, ya ɗaure jijiyar da ke zubar da jini, ya ɗinke, ya ce ba zai bar gidan ba sai an ga abin da Allah zai yi. Da yamma wani bafade ya ja shi gefe ya kawo masa saƙon amiri a lulluɓe. Ya ce raunin mai tsanani ne, in alƙali ya cika babu mai ganin laifin likita, kuma fada na neman babban likita. Sabitu ya gane zancen. Amiri ya fi son alƙali matacce, ya sami abin da zai kai wa sarki don a ba shi runduna ya yaƙi dutse, kuma bakin da ya san ƙaryar shelar nan ya rufe har abada. Ya ce wa bafaden, “Gaya wa mai girma ni ɗinki na iya. Farkewa aikin wasu ne.”

Daga ranar ya kafa doka cewa babu abin da zai shiga bakin majinyaci, ko ruwa ne, sai ya bi ta bakinsa tukuna. Ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ya riƙa sauya ɗauri, yana yaƙi da zazzaɓin da ya taso. Wata safiya aka kawo ruwan rumman daga fada cikin kwanon azurfa, wai gaisuwar amiri ce, kuma manzon ya ce an umarce shi ya tsaya sai ya ga alƙali ya sha. Mayar da kyautar amiri laifi ne da zai ba da hujjar a fasa gidan. Sabitu ya shinshina, bai ji kome ba, amma zuciyarsa ta ba shi. Ya ce a al'adarsa likita ke fara kurɓa, ya kurɓa a gaban manzon, ya ce a dakata kaɗan. Ba a jima ba ya faɗi yana kakari, maƙwabta suka cika gidan, manzon ya sulale. Magana ta bazu a gari, amiri ya ja da baya don kunyar idon jama'a. Sabitu ya sha maganin da ya tanada, ya yi amai har ya galabaita, ya tashi. Amma gubar ta taɓa idanunsa. Daga kwance ya riƙa faɗa wa Umaima yadda za ta wanke raunin da abin da za ta shafa, yana laluba ɗinkin da yatsunsa yana jin ko ya kumbura, har ya kame. Ganinsa bai dawo ba sai dishi-dishi, kuma bai sake zura zare a allura ba.

Na uku shi ne tsoho Hammadu mai alfadarai. Ana cikin jinyar nan Baharamu ya kira Umaima da Sabitu da Hammadu, ya kwance ɗamararsa ya ajiye wuƙarsa a gabansu, ya faɗa musu ko shi wane ne. Ya ce su yi da shi abin da suka ga dama, amma su sani ɗinki ba zai ceci alƙali ba. Dutse ba ya mantuwa. An tura biyu sun kasa, za a tura wasu, ko bana ko baɗi, ko a nan ko a bangon duniya. Babu mai janye hukuncin sai wanda ya yanke shi, shi kuwa Baharamu in ya doshi ƙofar za a kashe shi kafin ya yi magana, kuma ba shi da hujja sai hawayen da ya gani a kwari.

Alƙali a lokacin bai san inda kansa yake ba, balle a nemi ya warware rantsuwar. Hammadu ne kaɗai ya san inda matan suke. In ya yi magana ya karya alkawarin da ya ɗauka da Alƙur'ani a hannu, in ya yi shiru za a kashe mutum a kan abin da ya san bai yi ba. Ya ce zai yi kaffara, Allah ya fi shi sanin dalili. Ya ɗaura wa tsohuwar alfadararsa sirdi, ya kama hanyar Dutsen Mikiya, hanyar da ba a hawa sai an kira mutum. Shi ba ɗan aƙidarsu ba ne, ga tsufa, ga ciwon gwiwa, ga lokacin sanyi ya shigo. Inda hanya ta ƙuntata har dabba ba ta iya wucewa ya sauka ya ci gaba da rarrafe.

Masu gadi suka kama shi, suka rufe masa ido, suka kai shi gaban Tsohon Dutse. Daga baya Hammadu ya ce bai ga lambu ba, bai ga ƙorama ba. Ɗaki ne mai sanyi cike da littattafai, da wani dattijo siriri zaune a kan buzu. Hammadu ya faɗi abin da ya sani tun daga ƙofar lambu har tsallaken kogi. Tsohon ya saurara bai katse shi ba, sannan ya ce mai son ceton ubangidansa ba ya rasa labari mai daɗi. Hammadu ya ce, “Ya shaihi, ban zo da takarda ba, ban zo da shaida ba, da wuyana na zo. Ka aika ƙauyen. In ƙarya na yi, ga ni a hannunka.” Tsohon ya nuna masa taga, wadda in ka leƙa ba ka hango ƙasa sai hazo, ya ce in ƙarya ce ta nan zai sauka. Hammadu ya ce ya yarda, amma shi ma yana da sharaɗi, kada a tura kowa Ainu Safra kafin manzanni su dawo. Aka amsa masa.

Ƙanƙara ta rufe hanya, manzanni suka daɗe. Hammadu na tsare a wani ɗaki na dutse, kullum yana jin iska na kuka a tagar nan. Yana tsoron kada matan su riƙe rantsuwarsu su ce ba su san zancen ba, don shi da kansa ya ja musu kunne. Haka kuwa aka yi da farko, suka yi gum. Sai da aka ce musu tsohon da ya ɗauko 'ya'yansu a mangala yana can za a jefa shi, sannan wata gwauruwa a cikinsu ta miƙe ta ce a kai ta. Ta hau dutsen da ɗanta a baya, ta tsaya gaban Tsohon ta ba da shaida, har ta kwatanta warin man da suka kwana a cikinsa da hannun da ya miƙo musu gurasa ta saman tuluna.

An ce Tsohon Dutse da ya ji haka sai ya ce saura kaɗan su kashe mutumin da ya fi kowa yi musu alheri a garin nan. Ya janye hukuncin. Hammadu bai tashi ba, ya ce saura Baharamu. Tsohon ya ce wanda ya karya rantsuwa ba ya sake taka dutse, amma an bar masa ransa, kuma in matarsa ta zaɓi ta bi shi ba za a hana ta ba. Hammadu ya sauko. Kafin ya iso, labarin inda ya je ya riga shi, amiri ya sa an ƙwace alfadaransa duka, an rushe gidansa, an ce in ya shigo gari a kama shi. Abin da ya tara tun yana saurayi ya tafi a yini ɗaya, aka bar shi da tsohuwar dabbar da ya hau.

Ba a daɗe ba, wata safiya amiri ya farka ya tarar da wuƙa kafe a ƙasa dab da matashinsa, ga masu gadi a ƙofa babu wanda ya ga shigar kowa. Ya gane saƙon Mutanen Dutse ne. Daga ranar bai ƙara ambaton alƙali ko masaƙa ba, kafin shekara ta zagayo ya nemi a mayar da shi wani gari.

Munziru ya warke, ya tashi yana dogara sanda. Da aka ba shi labarin abin da ya faru yana kwance, sai ya sa aka kai shi wurin kowannensu. Ya kama shanyayyen hannun Baharamu ya ɗora a kansa. Ya durƙusa gaban Sabitu, ya ce hukuncin gidan nan ko yau aka sake kawo shi haka zai yanke, amma ya san abin ya yi masa ciwo. Sabitu ya yi dariya ya ce da ya yanke shi ba daidai ba, da bai ɗauko jakarsa ba. Hammadu kuwa ya fara ba da haƙuri a kan rantsuwa, alƙali ya rufe masa baki ya ce, “Baba, kaffarar nan tare za mu yi ta.”

Ya ajiye alƙalanci, ya sayar da gidansa, ya koma ƙauyen nan na tsallaken kogi ya dasa zaitun. Ya gina ɗakuna a jere da nasa, ya zaunar da su ukun da iyalansu, har matar Baharamu da ta sauko da 'ya'yanta. Akushi ɗaya suke ci. Baharamu na jan Sabitu zuwa masallaci, Sabitu na haɗa wa Hammadu maganin gwiwa da laluben hannu, Hammadu na koya wa 'ya'yan masaƙa ɗaurin kaya. Ba su daina saɓani a kan aƙida ba, alƙali da Baharamu sukan yi musu har abinci ya huce, amma ba a taɓa tashi baram-baram ba. Duk wanda ya zo gaishe da Munziru sai ya nuna su ya ce, bayan Allah, ga waɗanda yake numfashi saboda su.

Ana nan Allah ya ba Umaima haihuwa, ɗa namiji. Munziru ya ce ba shi da abin da ya kai wannan daraja, don haka zai sa wa yaron sunan wanda ya ceci ransa, sunan ya zauna a gidansa har jikoki. Ya je wa Baharamu da zancen. Baharamu ya ce ina, shi da ya zo kisa, ai Sabitu ne ya mayar da rai cikin jiki. Ya je wa Sabitu, Sabitu ya ce shi rami ɗaya ya toshe, Hammadu ne ya tare dukan wuƙaƙen da ke tafe. Ya je wa Hammadu, Hammadu ya ce da Baharamu bai sa hannu ba, da gawa za a ɗinke, kuma da babu dalilin hawan dutse.

Mutanen ƙauye suka rabu. Masu goyon Baharamu suka ce shi kaɗai ne ya yi abinsa ba tare da ya san gaskiya ba, ya sayar da jama'arsa da amininsa da hannunsa a kan abin da zuciyarsa ta raya masa. Wasu suka ce ba a gode wa mutum don ya fasa kashe ka, kuma ya san ranar, me ya hana shi faɗa tun kafin Juma'a? Masu goyon Sabitu suka ce shi ne mai dalilin ƙi, an kuma yi masa tayin girma don ya kau da kai kawai, amma ya kurɓi mutuwar wani da bakinsa. Wasu suka ce ai aikinsa ne, likitan da ya bar majinyaci ya mutu ba likita ba ne. Masu goyon Hammadu suka ce su biyun rana ɗaya suka saya wa alƙali, shi kuwa ya saya masa sauran kwanakinsa duka, ya wanke sunansa, ya ceto har Baharamu. Wasu suka ce shi ya san gaskiya tun farko, wanda ya san gaskiya kuwa faɗinta wajibi ne a kansa, kuma shi kaɗai ya fito da gaɓoɓinsa cikakku.

Ranar suna ta zo. An ɗaure rago, liman ya zauna, jama'a sun cika ƙofar gida, su ukun suna gefe ɗaya a kan shimfiɗa kowa ya sunkuyar da kai. Umaima ta aiko daga ciki cewa yaro ɗaya ne, suna ɗaya zai ɗauka, kuma rana tana yi. Liman ya karkato da kunnensa wajen Munziru yana jiran a raɗa masa.

To, ku da kuka ji abin da kowa ya yi da abin da kowa ya rasa, in ku ne Alƙali Munziru, sunan wa za ku raɗa wa liman: Baharamu, ko Sabitu, ko Hammadu?